Benen Bayan Katangarmu

Gidanmu shi ne na ƙarshe a unguwarmu, a gefen garin Daura. Daga katangarmu sai gonaki, har iyakar ganin mutum. Baba ya gina shi a shekarun da aka dawo da shari'a, lokacin ina 'yar firamare. Kafin nan a cikin gari muke, ba nisa da Kusugu, a gidan kakanmu, inda ɗakuna suka yi wa jama'ar gidan kaɗan. Da aka raba gonar kakan ta bakin gari, Baba ya yanki gefen rabonsa ya yi gida. Ƙanensa, wanda muke kira Baffa, ya bar nasa rabon yana nomawa. Gonar Baffa ce manne da katangarmu ta gabas.

Baba ya ɗaga katangar nan sosai. Yakan ce ko mutum a kan raƙumi ya wuce ba zai hango abin da ke ciki ba. Ɗakunan ba su da yawa, amma tsakar gidan tana da faɗi. Akwai darbejiya a tsakiya, da rijiya, da turken awaki, da zogale jere a gindin katanga. Makewayi yana can kusurwa, ba rufi, kamar na kowa a wancan lokaci.

Inna, mahaifiyarmu, ba mai son fita ba ce. Ba wanda ya hana ta, hali ne. Duk abin da take bukata na rayuwa yana cikin katangar nan. A nan take surfe, a nan take shanya kuɓewa da tumatir, a nan take salla in zafi ya hana zaman ɗaki. Matan unguwa ma nan suke taruwa. Mace na wuce zaure za ta cire mayafi ta rataye a igiyar shanya, ta zauna a yi kitso, ko a taya Inna ɓarar gyaɗa, ana hira ana dariya da ƙarfi. Ban taɓa tunanin wannan wani abu ne da za a iya rasawa ba.

Akwai mutum guda da ya kamata in gabatar tun yanzu, wato ɗan Baffa. Mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwarsa, a lokacin Inna tana goyon wana, wanda nake kira Yaya. Sai aka miƙa mata jaririn, ta haɗa su ta shayar. A ɗakinta ya girma, Inna yake ce mata, kuma ban san ba ita ta haife shi ba sai da na yi wayo. Da ya girma ya shiga fataucin shanu zuwa Kudu, Allah ya buɗa masa, ya je Makka, ya kai Inna ma. Bayan rasuwar Baffa gonar nan ta gabas ta zama tasa.

Shekaru suka tafi. Baba ya rasu. Ni na yi aure a cikin gari, ina koyarwa a makarantar firamare. Yaya ya zauna a gidan da matarsa da 'ya'yansa, tare da Inna.

Maganar jirgin ƙasa ta daɗe tana yawo a garin, har mutane suka daina kula ta. Sai wata rana aka ga masu awo sun shigo gonaki suna kafa turaku. Bayansu katafila ta zo, da tifofi. Aka ce layin dogo daga Kano zai fito, ya biyo ta Daura, ya wuce Mashi da Katsina har Maraɗi. Aka ce kuma tashar a filin da ke bayan gonakin unguwarmu za a yi ta. Kafin damina ta zagayo, dillalan filaye sun cika unguwar. Mutanen da ba mu taɓa gani ba suna tsayar da mota a ƙofar gida, suna tambayar gonar wane ce wannan, ko mai ita yana da niyyar sayarwa.

Da babbar salla ɗan Baffa ya zo gida. Ina nan ranar da ya zauna a gaban Inna a ƙarƙashin darbejiya, ya cire hula ya ajiye a gwiwa, kamar yadda ya saba in zai yi magana mai muhimmanci.

"Inna, shawara na zo da ita," ya ce. "Duk inda na ga tashar jirgi a Kudu, gari ne ke tashi a gefenta. Mutum ya sauko daga jirgi, abin hawa zai nema ya kai shi tashar mota ko cikin gari. Wani Mai'aduwa za shi, wani Zango. Wanda bai samu wucewa ba wurin kwana zai nema, da abinci. In ba mu 'yan gari muka yi ba, baƙi za su zo su yi. Ina so in yi gini a gonar Baffa. Shaguna a ƙasa, masauki a sama."

"Bene ke nan?" in ji Inna.

"Bene, Inna."

"To, Allah ya sa albarka. Gara kai da wani. Ko ba komai na san maƙwabcina."

Ba ƙarya ya yi mata ba. Ita benen da ta sani shi ne irin na cikin gari, ɗaki guda ko biyu a bisa zaure. Shi kuma hawa huɗu ne a ransa. Ba ta tambayi tsawon ba, shi ma bai kawo a ransa cewa akwai abin faɗa a nan ba. Ni da nake zaune ina jin su, ban kawo ba.

Aka fara aiki. Watannin farko ƙara kawai muke ji ta bayan katanga: injin kwaɓa siminti, da sarar rodi, da hayaniyar leburori. Inna har kunu take damawa ta aika musu, ta ce ma'aikatan ɗanta ne. Da aka zuba dekin farko, wato rufin siminti na hawan ƙasa, ginin ya yi daidai da katangarmu. Ba a jima ba ya wuce ta.

Wata Asabar da hantsi na je gida don in yi wa Inna tsifa. Ta cire ɗankwali ke nan, tana ɗaure da zani a ƙirji, ta ce bari ta ƙarasa wanke geron da ta fara. Tana duƙe a bakin rijiya sai wani abu ya faɗo daga sama, ɗan ɓarɓashin siminti. Ta ɗaga kai. Ni ma na ɗaga. Wani birkila ne, dattijo mai furfura, tsaye a kan katakon da suke takawa, cokalin gini a hannunsa. Ba kallonmu yake yi ba, amma idonsa ya faɗo kanmu. Nan da nan ya kau da kai, ya juya mana baya.

"Ku gafarce ni, Hajiya," ya ce da ƙarfi. "Wallahi ban sani ba."

Ƙwaryar ta suɓuce daga hannun Inna, geron ya watse a ƙasa. Ta rufe kanta da hannu biyu, ta shige ɗaki da sauri irin wanda ban san tana da shi ba. Kaji suka taru a kan geron. Na bi ta ciki na same ta zaune a bakin gado. Tun da aka kawo ta gidan Baba tana yarinya, namijin da ba muharraminta ba bai taɓa ganin gashin kanta ba. Ranar ba a yi tsifar ba, kuma ba ta fito ba sai da ma'aikatan suka tashi.

Washegari Yaya ya kira kafinta aka rufe makewayi da kwano. Ya sayo tamfol aka ɗaure daga darbejiya zuwa bakin ɗakuna. Tamfol ɗin ya rufe wurin girki da bakin rijiya, amma lokacin bazara ne, sai ƙarƙashinsa ya zama kamar tanda. Hayaƙin murhu ba ya samun hanyar fita. Inna ta koma yin girki da hijabi, zufa tana bin fuskarta. Matar Yaya ta tattara komai nata ta koma ɗaki. Matan unguwa suka rage zuwa, wadda ta zo ma ba ta cire mayafi, a tsaitsaye za ta gaisa ta tafi. Ginin kuwa sai ƙara tashi yake. Da aka kai hawa na uku muka ga ramukan tagogi jere, manya-manya, duk suna fuskantar tsakar gidanmu, da wurin baranda a tsakaninsu.

Yaya mutum ne mai haƙuri, amma in ya yi fushi ba ya iya ɓoyewa. Ya kira ɗan Baffa a waya suka yi sa-in-sa. Wancan ya ce ma'aikata za su gama su tafi, a ƙara haƙuri. Yaya ya ce in ma'aikata sun tafi ai baƙi ne za su shigo, kowane dare da sabuwar fuska a taga. Daga nan suka daina gaisawa.

Wata rana da la'asar, ina nan, Yaya ya shigo ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna.

"Inna, na yi tambaya," ya ce. "Malamai sun ce shari'a ba ta yarda mutum ya buɗe taga a kan gidan maƙwabcinsa ba. Gobe zan kai shi gaban alƙali."

Inna ta ɗago kai ta dube shi.

"Wa za ka kai?"

"Shi mana."

"Wanda na ɗora a cinyar hagu na ɗora ka a ta dama? Ina raye za ku tsaya gaban alƙali, a tambaye ku sunan uwarku, ku faɗi suna ɗaya? Ban yarda ba."

"To haka za mu zauna, Inna? A gidanmu?"

"Ka bar ni da shi," ta ce.

Mun ɗauka kiransa za ta yi ta yi masa faɗa. Ba haka ta yi ba. Ta aika masa cewa ranar Juma'a, da yake ma'aikata ba sa zuwa, tana so ya zo ya hau da ita benen. Ya ce ginin bai kammala ba, matakalar ko abin dafawa babu. Ta ce ta ji, ya zo dai.

Bayan an sauko daga masallaci ya zo. Ni na riƙe ta ta dama, shi ta hagu. Inna tana fama da ciwon gwiwa tun kafin rasuwar Baba, saboda haka a hankali muka riƙa hawa. A kowane hawa sai ta zauna a kan bulo ta huta, tana maida numfashi. Ɗan Baffa ya roƙe ta mu tsaya a na biyu, ya ce daga nan ma ana ganin komai. Ta ce sai ta kai inda baƙo zai kai.

A hawa na ƙarshe iska ta buge mu, mai sanyi, wadda ba ma samu a ƙasa. Ban taɓa ganin Daura daga sama ba sai ranar. Ga hasumiyoyin masallatai, ga rufin gidaje na kwano da na ƙasa, ga itatuwan darbejiya sun yi duhu a cikin gari. Ta ɗaya gefen ga tashar da ake ginawa, doguwa, da ƙarafunan rufinta a tsaye, ga kuma tudun jar ƙasa da aka tara don layin dogo ya miƙe ya ratsa gonaki har ya ɓace. Ɗan Baffa ya fara nuna mata, muryarsa cike da murna duk da halin da ake ciki.

"Inna, kin ga can? Nan jirgi zai tsaya. Nan kuma za a yi hanyar da za ta haɗa da tashar mota. Nan masu napep za su riƙa jira."

Ta kalla, ta gyaɗa kai. "Ikon Allah," ta ce. Sannan ta ce a kai ta tagar da ke kallon gidanta.

Muka tsaya a bakin ramin tagar. Tamfol ɗin da muke ganin ya rufe mu ashe ɗan tsiri ne. Ana ganin tabarmar Inna, da butarta, da turmi a kife. Ana ganin kayan matar Yaya a kan igiya, har waɗanda mace ba ta so a gani. Labulen ɗakin Inna iska ta ɗage shi, ana hango ƙafar gadonta. 'Yar Yaya ƙarama ta fito daga makewayi da gudu ba riga, ba ta san muna sama ba.

Inna ta yi magana a hankali.

"Ashe haka ake ganinmu."

Sai ta juya ga ɗan Baffa.

"Zo nan, ɗana. Matso ka duba. Ka taɓa tsayawa a nan?"

"Ban taɓa ba, Inna. In na zo ta wancan gefen nake tsayawa, wajen tashar."

"To duba. A tsakar gidan can ka ƙarasa girma a hannuna. Ni ban ce ka rushe gininka ba, na sa maka albarka kuma ban janye ba. Amma ka duba da idonka, sannan ka yi abin da ka ga ya dace."

Ya duba. Na ga ya sa hannu ya share fuskarsa. Da muka iso ƙasa ya durƙusa ya kakkaɓe mata ƙurar simintin da ta manne a gefen hijabinta.

Bayan kwana kaɗan ya je da kansa ya ɗauko limamin unguwa da mai unguwa, aka kira Yaya, suka zauna a zaurenmu. Mu mata muna daga ciki muna ji. Liman bai tsawaita ba. Ya ce mutum yana da iko ya ɗaga gininsa, amma ba shi da iko ya buɗe ido a kan iyalin wani, kuma haƙƙin maƙwabci ba ya faɗuwa don maƙwabcin ɗan'uwa ne. Ɗan Baffa ya ce ya ji ya karɓa. Ya ce injiniyan ginin ya gaya masa in aka toshe tagogin, ɗakunan wannan gefen za su yi duhu da zafi, baƙi ba za su so su ba, amma shi ya riga ya yanke. Aka yi addu'a. Yaya ya miƙa masa hannu, suka gaisa, ko da yake gaisuwar ba ta yi tsawo ba.

Ya cika alkawari. Aka toshe tagogin da bulo, aka bar ƙananan kafofi can sama da kan mutum don iska. Aka rufe barandar. Aka ja katanga a kan rufin, aka sa wa ƙofar hawa can kwaɗo. Ranar da aka gama, Yaya ya kwance tamfol, Inna ta fito ta zauna a ƙarƙashin darbejiya da ɗankwali kawai. Na yi murna ranar, na ɗauka magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Yanzu abin da ke gabashinmu bango ne guda, dogo, ba taga ba ƙofa. Rana ba ta shigowa tsakar gida sai hantsi ya yi nisa. Zogalen gindin katanga ya yi ta miƙewa siriri yana neman haske, ganyen ya ragu. Kuɓewar da ake shanyawa ta bushe a wuni guda sai ta kwana biyu tana laushi. Da yamma kuma rana ta bugi bangon, ya riƙe zafin, ya yi ta huro mana shi har bayan magariba. Ba wanda za a kai ƙara a kan wannan. Inna ba ta yi ƙorafi ba, amma na lura ta daina zama tana fuskantar gabas sai in salla za ta yi.

Sai maganar hanya ta zo. Titin da zai haɗa tashar jirgi da tashar mota ta ƙofar gidanmu ya biyo. Aka zo aka shafa jan fenti a jikin zaure. Aka rushe dakalin da Baba yake zama da rabin zauren, aka ja sabon bango. Da can sai mutum ya ratsa zaure ya karya kwana kafin ya ga tsakar gida, yanzu ƙofa na buɗewa sai titi. Tun kafin a zuba kwalta 'yan acaɓa da masu napep suka mai da gindin wata bishiya da ke ƙofar gidan wurin jiransu, don ma'aikatan tashar suna da yawa, kullum akwai mai zuwa cikin gari. Mai shayi ya kafa tebur, mai gyaran taya ya zo, wani ya kawo lasifika yana sayar da waƙoƙi da wa'azi. Ba mutanen banza ba ne. Suna gaida Yaya da ladabi, in an aiki yara su tsallakar da su titi. Abincinsu suke nema. Amma jikokin Inna ba su ƙara wasa a ƙofar gida ba, kuma maƙwabtanmu biyu suka sayar suka koma wata unguwa, ciki har da aminiyar Inna da suka fi shekara ashirin tare.

Wanda ya sayi filin arewa da mu baƙo ne, daga wani gari. Da muka ga irin zurfin ramin harsashin da yake haƙawa muka san abin da ke tafe. Liman ya je ya same shi, mutumin ya ce ba komai, shi ma zai kiyaye. Yaya ya kawo wa Inna labarin yana ganin zai kwantar mata da hankali.

"Allah ya saka masa," ta ce. "Amma ni na gaji. Dutsi za ni."

A Dutsi aka haife ta, kuma ƙanenta, kawunmu, yana nan a gidan mahaifinsu yana noma. Yaya ya ce me mutane za su ce, uwa ta bar gidan ɗanta ta koma gidan ƙane. Ni na yi kuka na ce wa zan riƙa zuwa wurinsa ran Asabar. Ɗan Baffa ya zo ya durƙusa, ya ce ta zaɓi duk unguwar da take so a Daura ya gina mata gida irin wannan, da katanga irin ta Baba.

"In ka gina, wani jirgin ya biyo ta can fa?" ta ce, tana ɗan murmushi. "Ku bar ni. Ba fushi na yi ba. Ku zamaninku ne, ku zauna ku ci arzikinsa. Ni ina so in ƙarasa kwanana inda zan fito da safe in ga rana."

Bayan an gama girbi ta tafi. Da safe ne. Ba ta ɗauki kaya da yawa ba: gadonta, da akwatin tufafi, da turmi, da awakinta. Ɗan Baffa ne ya ja motar da kansa, Inna a gaba, ni da Yaya a baya, a-kori-kura tana biye da kayan. 'Yan acaɓan ƙofar gida suka miƙe tsaye suna yi mata Allah ya kiyaye hanya. Da muka zo daidai katangar maƙabartar da aka binne Baba, ta ce a rage gudu. Ta ɗaga hannu ta yi addu'a, ta shafa, sannan ta ce a tafi. Ba ta waiwayi gari ba.

A Dutsi ta samu abin da take nema, ko da yake ba duka ba. Gidan Kawu na ƙasa ne, tsakar gidan ta fi tamu faɗi, bayansa gonar dawa. In na je nakan same ta a waje tana ɓarar gyaɗa da matan gidan, kanta ba komai sai ɗan ƙyalle. Ta yi ƙiba kaɗan, tarin da hayaƙi ya sa mata ya tafi. Amma tana kewar jikokinta ƙwarai. Duk zuwana sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, wa ya shiga aji nawa, wa ya kai izu nawa. Takan tambayi masaukin ma, ko an buɗe, ko ana samun baƙi. Na ce mata an buɗe, ma'aikatan layin dogo ne suka cika shi tun jirgi bai fara zuwa ba. Ta ce alhamdulillahi, yaron nan ya sha wahala a kansa.

Da damina ta rasu, bayan zazzaɓi na 'yan kwanaki. Muna wurin, ni da Yaya da ɗan Baffa. Aka yi maganar ko a kawo ta Daura kusa da Baba, Kawu ya ce ta bar wasiyya a binne ta inda ta cika. Yaya da ɗan Baffa su suka shiga kabarin suka karɓe ta. Da suka dawo na ga rigunansu duk jar laka, suna zaune a tabarma ɗaya suna karɓar gaisuwa, wanda ya zo ya ce musu ya haƙurin rashin uwa, su amsa tare.

Bayan an share makoki muka zauna mu uku a kan maganar gidan. Masu son saye sun dami Yaya, kuma matarsa ta ce ita ma ta ƙosa, yara ba su da wurin wasa, barci ma sai an yi da gaske saboda ƙarar ababen hawa. Ɗan Baffa ya ce shi ba ya cikin magada, amma in za a ji tasa kada a sayar wa baƙo. Yaya ya ce in ba a sayar ba, sai dai a rushe a yi shaguna, don wurin ya daina zama na iyali. Suka juyo suna jiran ta bakina.

Na ce su ba ni lokaci. Na san Yaya ya fi ni gaskiya, shi ke kwana a gidan, ni kuwa wucewa kawai nake yi. Har yanzu in na tashi daga makaranta nakan hau napep in sauka a ƙofar, in shiga in gaida matar Yaya, in sha ruwan rijiyar, in ɗan zauna. Ɗakin Inna yanzu buhunan hatsi ne a ciki. Yaya bai sake tayar mini da maganar ba, amma ranar nan na ji yana tambayar wani dillali ko akwai fili a hanyar Zango, can nesa da titi.